Tambaya da Amsa: Na saka -flto, laburarena ya ƙi haɗuwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ina rubuta wata 'yar manhaja da yaren C a kan Linux, na raba ta gida biyu, akwai laburare da nake dunƙulewa da ar ya zama fayil ɗin .a, sai kuma ainihin manhajar. Komai lafiya lau har ranar da na ji ana ta yabon LTO (link-time optimization, wato inganta manhaja a lokacin haɗa fayilolinta) wai yana ƙara sauri, na saka -flto, shikenan ar ya fara ce min "plugin needed to handle lto object", a ƙarshe kuma linka, mai haɗa fayilolin su zama manhaja ɗaya, ya ce bai ga fankshin ɗina ba alhali suna nan ko taɓa su ban yi ba. GCC ɗin, kamfailan da nake amfani da shi, shi ne ya lalace ko ni ne ban iya ba? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. GCC ɗinka ƙalau yake, ar ne aka miƙa wa takarda da rubutun da bai iya karantawa ba.

A al'ada kamfaila fayil ɗaya yake gani a lokaci guda, ya juya shi zuwa yaren injin ya ajiye a .o, bai san me ke cikin maƙwabcinsa ba. Da ka saka -flto sai ya fasa ƙarasa aikin, ya zuba wani rubutu nasa na tsaka-tsaki da ake kira GIMPLE a cikin .o ɗin, ya bari sai lokacin haɗawa ya kalli manhajar gaba ɗaya. A nan ne zai iya ɗauko ƙaramin fankshin daga wani fayil ya dasa shi kai tsaye inda ake kiransa a wani fayil ɗin, ya watsar da waɗanda ba mai kiransu. Tun GCC 4.5 na 2010 ake da wannan. Amma daga 4.9 aka canza wani abu, a da .o yana ɗauke da GIMPLE da yaren injin duka biyun, yanzu GIMPLE kaɗai ake sakawa sai in kai ka nemi akasin haka. Gwada nm, umarnin da ke nuna sunayen da ke cikin fayil, a kan .o ɗinka ka gani, in bai da fulogin, wato ɗan ƙarin da ke ba shi damar gane GIMPLE, ba za ka ga sunayen fankshin ɗinka ba, sai wata alama __gnu_lto_slim tana zaune ita kaɗai.

To ar in zai dunƙule laburare yana rubuta jerin sunaye a gaba, wane fankshin yana cikin wane .o, kuma da wannan jerin linka yake aiki, ba ya bin fayil ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa. Tunda ar bai ga sunayen ba jerin ya fito wayam, linka ya duba bai samu ba ya ce maka babu. Wannan ce matsalar taka gaba ɗaya.

Maganin kuwa ba wuya. GCC yana zuwa da gcc-ar da gcc-ranlib da gcc-nm, su ɗin dai ar da ranlib da nm ne amma suna miƙa musu fulogin mai suna liblto_plugin.so. A Makefile ɗinka rubuta AR=gcc-ar da RANLIB=gcc-ranlib, goge tsofaffin .o da .a ɗin tukuna, dan Allah kar ka manta da gogewar nan don mutane da yawa a nan suke maƙalewa su ce maganin bai yi ba, sannan ka sake ginawa da -flto a wajen kamfailin da kuma wajen haɗawa. In CMake kake amfani da shi kunna CMAKE_INTERPROCEDURAL_OPTIMIZATION zai nemo su da kansa. Akwai kuma hanyar ajiye fulogin ɗin a foldar bfd-plugins inda ar yake dubawa da kansa, shi ya sa a wasu kwamfutocin ba a taɓa ganin wannan saƙon.

Shi fulogin ɗin nan ba ar kaɗai yake wa aiki ba, babban aikinsa ma a wajen linka yake. Linka ne kaɗai ya san wane suna ake nema daga waje, wane ne kuma ba mai buƙatarsa sai cikin gida, to ta fulogin yake sanar da kamfaila wannan, sai lto1, ɓangaren GCC mai aikin LTO, ya samu ƙwarin gwiwar goge abu ko dasa shi ba fargaba. A cikin linkoki wanda ake kira Gold ne ya fara karɓar fulogin, GNU ld ya biyo baya a binutils 2.21, don haka in kayanka ba tsohon yayi ba ne GCC da kansa yake kunna shi, ba sai ka rubuta -fuse-linker-plugin ba. Ƙara -v a umarnin haɗawa, za ka ga -plugin a layin collect2.

Wani zai ce maka kawai saka -ffat-lto-objects a wuce wurin. Zai haɗu kam, amma fayilolin za su yi ƙiba kuma kamfailin zai ƙara daɗewa tunda aiki biyu yake yi. Ni dai ban ga amfaninsa ba sai in laburaren za ka ba wasu, domin GIMPLE na wannan sigar GCC ba lallai wata sigar ta karanta shi ba. In kuma haɗawar ta fara cin lokaci saka -flto=auto, daga GCC 10 yake, zai raba aikin a kan duk ƙwaƙwalwan firosesa.

Kar ka yi mamaki in bayan ya haɗu ka ga gargaɗin -Wlto-type-mismatch da ba ka taɓa gani ba, misali ka ce abu int ne a wannan fayil, a wancan ka ce long. Kuskuren ya daɗe a wurin, yanzu ne kamfaila ya ga fayilolin biyu a tare.

Tambaya: Malam ni kamfailan Clang nake amfani da shi ba GCC ba, abin ɗaya ne?

Amsa: Kusan ɗaya ne ɗan'uwa, sai dai nasu fulogin LLVMgold.so ake ce masa, kuma duk da sunan yana aiki da GNU ld ma. In kana son hutu saka -fuse-ld=lld, shi linkan lld LTO a jikinsa yake ba ya neman fulogin, ka haɗa da llvm-ar maimakon ar. Manhajar in babba ce gwada -flto=thin, ba ya cin RAM da yawa kamar na farko.