Abokaina sun kasa shiga sabar Minecraft da na kafa a gida

Ka ce kana shiga sabarka ta Java, wato nau'in Minecraft na kwamfuta, lafiya lau, amma abokanka da ke wasu gidaje sun kasa. To, sabar kalau take, hanyar shigowa daga waje ce a toshe.

Fara da adireshin da ka ba su. Idan da 192.168 ya fara, na cikin gida ne. IP na fili, wato adireshin da ake ganin gidanka da shi a intanet, za ka tura musu. Sai ka shiga saitin rauta, na'urar da ke raba intanet a gidan, ka buɗe tashar (port) 25565 ta TCP, ka karkatar da ita zuwa kwamfutar da ke ɗauke da sabar. Ka kafe wa kwamfutar adireshinta, don rauta kan sauya shi. Windows Firewall ma ka duba ko ya ba Java izini.

In har yanzu shiru, kwatanta IP ɗin da rauta ke nunawa da na fili. Idan sun saɓa, musamman in na rautar yana tsakanin 100.64 da 100.127, mai yiwuwa kamfanin intanet ɗinka ya haɗa ku da yawa kan adireshi ɗaya, wato CGNAT. A nan buɗe tasha aikin banza ne. Masu kamfanin kaɗai za su iya ba ka IP naka, sai ka tuntuɓe su. In sun ƙi, yi hayar saba ko ka koma Realms, sabar haya ta masu Minecraft.

Masu wasa a waya kuwa nau'in Bedrock gare su, ba sa shiga sabar Java sai ka sa Geyser, manhajar da ke haɗa nau'ikan biyu, ka buɗe 19132 ta UDP.

Kada ka kashe online-mode, saitin da ke tantance asusun mai shiga, don wani ya shiga, kowa zai iya zuwa da sunanka. Kunna white-list, wato jerin sunayen waɗanda ka yarda su shiga, tun kafin ka raba adireshin.