Tambayoyinku kan lesitin: abin da yake yi da abin da ake ɗora masa

Tambayoyi sun yi yawa kan ƙwayoyin lesitin da ake tallatawa a matsayin ƙarin abinci. Na zaɓi biyar da suka fi maimaituwa.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina ganin sunan lesitin a takardar cakulan, ga shi kuma ana sayar da shi a kwalba kamar magani. Shin abu ɗaya ne? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Abu ɗaya ne, ɗana. Lesitin wani haɗin maiƙo ne da ke cikin bangon kowace ƙwayar halitta ta jikinmu. Wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Théodore Gobley, shi ya fara ware shi daga gwaiduwar ƙwai a shekarun 1840. Wanda ake sayarwa yanzu galibi daga waken suya ake cire shi yayin tace mai, wani kuma daga irin furen sanfulawa. Baiwarsa ita ce gefe ɗaya na kama ruwa, ɗayan na kama mai, sai ya hana su rabuwa. Don haka kamfanoni ke zuba shi a cakulan da man shafa wa burodi, wani lokacin da lambar E322.

A jiki ma aikinsa ke nan. Yana cikin ruwan matsarmama, inda yake taimakawa kada kolesterol ya daskare ya zama tsakuwa. Wani nau'insa kuma yana shimfiɗe a cikin huhu yana hana ƙananan jakunkunan iska mannewa, kuma ƙarancinsa ne ke sa bakwaini wahalar numfashi. Amma fa jiki na ƙera nasa. Abin da yake buƙata daga abinci shi ne kolin, sinadarin da ke cikin lesitin. A 1998 hukumar masana lafiya ta Amurka ta ƙayyade miligiram 550 a rana ga namiji, 425 ga mace, 450 ga mai juna biyu, 550 ga mai shayarwa.

Yanzu ɗauki kwalbar ka duba. Yawanci za ka ga an rubuta miligiram 1,200 a kowace ƙwaya, adadi mai cika ido. Sai dai a lesitin ɗin waken suya na gama-gari, kusan kashi ɗaya cikin biyar ne kawai ɓangaren da ke ɗauke da kolin, shi ma kolin ɗin kashi 13 cikin ɗari ne na nauyinsa. Idan ka buga lissafi, ƙwaya ɗaya ba za ta ba ka fiye da wajen miligiram 30 ba. Babban ƙwai guda ɗaya na da kusan 147. Hanta ta fi haka nesa ba kusa ba.

Tambaya: Likita, shekarata 58, ina shan maganin rage kolesterol da aka rubuta mini. Wani abokina ya ce lesitin na wanke jijiyoyin jini, kuma ba shi da illa kamar maganin asibiti. In ajiye nawa in koma kansa?

Amsa: Alhaji, don Allah kada ka ajiye. Na san inda maganar abokinka ta samo asali: tunda lesitin na narkar da mai a cikin ruwa, sai mutane suka ɗauka haka zai bi jijiya yana kankare kitse. Ba haka abin yake ba. Da zarar ka haɗiye shi, hanji na farfasa shi kamar kowane maiƙo kafin ya shiga jini. Kitsen da ke toshe jijiya kuma a cikin bangonta yake taruwa, tare da kumburi da tabo, ba a samanta yake kwance ba balle a wanke.

Akwai ƙananan bincike da suka nuna saukar kolesterol bayan shan lesitin, ciki har da wani da aka buga daga Burazil a 2010. Amma mutanen da aka gwada kaɗan ne, lokacin ma wata biyu kacal. Magungunan sitatin kuwa, waɗanda likitoci suka fi rubutawa don rage kolesterol, an gwada su a kan dubban mutane tsawon shekaru, an ga suna sauke mugun kolesterol da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, kuma suna rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Wannan na biyun shi ne abin da muke nema, ba kyan lamba a takardar gwaji kaɗai ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Akwai kuma wani ɓangare da masu talla ba sa faɗa. Masu bincike a asibitin Cleveland Clinic na Amurka sun nuna a 2011 da 2013 cewa ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a hanji na sarrafa kolin, hanta kuma ta mayar da shi wani sinadari mai suna TMAO, wanda yawansa a jini ke tafiya tare da haɗarin ciwon zuciya. Har yanzu masana na muhawara kan girman wannan haɗari, amma ya isa ya sa mai matsalar zuciya ko ƙoda ya daina ɗaukar lesitin a matsayin abin da ake sha ba ƙaƙƙautawa. In maganinka na sa maka ciwon tsoka ko wata damuwa, koma wurin likitanka. Ana iya rage shi ko a canja wani.

Tambaya: Likita, ina shayar da jariri ɗan wata biyu. Nonona na yawan yin ƙullutu mai zafi a gefe ɗaya, in ya warke sai ya dawo. An ce in sha lesitin. Zai cutar da yaron?

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya raya. A nan ne lesitin ya fi samun gindin zama. Ƙungiyar likitocin shayarwa ta Academy of Breastfeeding Medicine ta ambace shi a ƙa'idojinta na 2022, giram 5 zuwa 10 a rana, na waken suya ko na sanfulawa. Tunanin shi ne yana hana maiƙon nono dunƙulewa. Hujjar ba ta da ƙarfi sosai, ta fi dogara da abin da masu kula da mata suka lura da shi, amma ba a san shi da cutar da jariri ba, domin ruwan nonon kansa na ɗauke da shi. Kina iya gwadawa.

Sai dai ki lura da abin da ya fi ƙwayar muhimmanci. Wannan ƙullutun yawanci kumburi ne ya matse hanyoyin nono, don haka murza shi da ƙarfi ƙara ɓata shi yake yi. Ki naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsabta ki ɗora na ɗan lokaci, ki shafa a hankali zuwa wajen hammata, ki ci gaba da ba yaro nono yadda ya saba. Kada ki dinga tatsa don ki ga ya ƙare ƙaf, saboda hakan na sa jiki ƙara kawo ruwa. Rigar mama mai matsewa ma a ajiye ta. Ki kuma sa ungozoma ta kalli yadda yaron ke kama nono, don sau da yawa daga nan matsalar take. Idan kuwa zazzaɓi ya shigo, wurin ya yi ja, jiki na rawar sanyi har tsawon yini guda, to lokacin zuwa asibiti ya yi.

Tambaya: Mahaifinmu ya fara mantuwa, har sunayen jikokinsa ke ɓace masa. Lesitin zai dawo masa da tunani?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Ƙwaƙwalwa na amfani da kolin wajen ƙera asetilkolin, sinadarin da ke raguwa a cutar mantuwa ta Alzheimer, shi ya sa aka sa rai a kan lesitin. An gwada, kuma nazarin da cibiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken lafiya, ta yi kan gwaje-gwajen bai ga wani amfani a fili ba. Ku kai shi a duba shi. Ƙarancin bitamin B12, raunin aikin tayirod (wata gaɓa da ke wuya), baƙin ciki mai tsanani, raunin ji, da wasu magungunan barci duk suna kawo mantuwa ga tsofaffi, kuma ana iya gyara su. Ku tafi da duk magungunan da yake sha a jaka ɗaya.

Tambaya: Gaskiya ne yana rage ƙiba? Kuma ni waken suya na sa mini ƙaiƙayi.

Amsa: Ba ya rage ƙiba. Shi kansa maiƙo ne.

Game da ƙaiƙayi, furotin ɗin waken ne ke tayar da borin jini, kuma abin da ke saura a cikin lesitin kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa yawancin masu wannan matsala ke cin cakulan lafiya lau. Amma ƙwayar da ake sha kullum ta fi wancan yawa. Idan kin taɓa kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, kada ki sha sai likita ya amince, ko ki nemi na sanfulawa. Yawan shansa na iya kawo gudawa, tashin zuciya da kumburin ciki. Masu haɗa shi da ƙwayoyin kolin zalla su sani iyakar babba miligiram 3,500 ne a rana. In an wuce nan, gumi kan yi yawa, jini kan sauka, jiki kuma ya riƙa ƙarnin kifi.