Noman rake a Farming Simulator: akwai riba, ko wahala ce kawai?

Tambayoyin wannan karon ba na gonar ƙasa ba ne, na gonar cikin kwamfuta ne. Masu buga Farming Simulator, wasan noman nan na kamfanin GIANTS Software da ke Suwizalan, su ne suka taso ni gaba a kan rake. Da farko na yi murmushi, amma da na zauna da alƙalami sai na ga lissafin manomi ne sak: nawa ka zuba, nawa ka kwasa, kuma wa zai yi jigila. Raken ya shigo wasan ne a 2017, cikin ƙarin da aka yi wa Farming Simulator 17 tare da taswirar Estancia Lapacho ta Kudancin Amurka, kuma tun daga nan ake wannan gardama.

Na farko ya ce: "Malam, na duba allon farashi, na ga rake na can ƙasa-ƙasa. Me zai sa mutum ya ɓata gonarsa da shi?"

Ɗan'uwa, farashin lita ne ya ruɗe ka. Gaskiya ne kuɗin lita dubu na rake bai wuce wajen kashi ɗaya cikin uku na kuɗin alkama ba. To amma dubi abin da hekta ɗaya ke bayarwa. Alkama ba ta cika lita dubu 10 kafin a sa ƙarin da taki ke kawowa, shi kuwa rake yana haura lita dubu 100. Ninki goma da ɗoriya ke nan. Ka buga wannan da wancan, za ka ga hektar rake ta ninka hektar alkama wajen sau huɗu a kuɗin da ke shigowa. A takarda dai rake ba ya jin kunyar kowane amfanin gona. Sai dai takarda ba ta tuƙa tarakta, kuma wannan ne ya kawo mu ga mai tambaya na biyu, wanda shi ya riga ya faɗa ciki.

Ya rubuto cewa: "Na ci bashin banki na sayi babban injin yanka, na dasa gonata mafi girma. Yau dare uku ke nan ina yanka, ko rabi ban ci ba. Ina na yi kuskure?"

Sannu, malam. Kuskuren ba a injin yake ba, a girman gonar yake. Injin da ka saya, Case IH Austoft, kuɗinsa ya haura dubu 300 na kuɗin wasan, amma faɗin abin da yake ci a tafiya ɗaya mita 2 ne kacal. Ɗauki hekta ɗaya, mita 100 tsawo, mita 100 faɗi. Sai ka yi sawu 50 kafin ka share ta, tafiyar kilomita 5 ke nan. Ko da a ce kana gudun kilomita 10 a awa ba tsayawa, rabin awa ta tafi, ba a sa juyawa 49 da za ka yi a bakin gona ba. Injin girbin alkama mai bakin mita 9 sawu 12 zai yi ya tashi.

Wannan ma ba shi ne babban ciwon ba. Injin yankan rake ba shi da rumbu a jikinsa. Yana sara, yana gutsuttsurawa, yana tofarwa ta bututu nan take, don haka dole a sami tirela a ƙarƙashin bututun a kowane lokaci. Da tirela ta cika, aiki ya tsaya cak. Idan taka mai cin lita dubu 12 ce, hekta ɗaya za ta cika ta sau tara ko goma. Ka hango kanka: ka yi sawu biyar, ƙararrawar cika ta buga, ka bar injin, ka koma tarakta, ka juye, ka dawo, ka daidaita tirela da bututu, ta goce, ka ja baya, ka sake. Gona mai hekta goma kuwa, sau ɗari za ka yi wannan rawar. Abin da rake ke ci ba kuɗinka ba ne, darenka ne.

Ga yadda za ka rage zafin. Ka ba ɗan ƙwadagon wasan, wato direban da kwamfuta ke sarrafawa, tuƙin injin, kai ka riƙe tarakta da tirela a gefensa, domin ya fi ka haƙurin bin layi. Ka ajiye babbar tirela ko motar ɗaukar kaya a bakin gona, ƙaramar mai ɗagawa sama ta riƙa juye mata, kada ka ce da ƙaramar za ka yi ta zirga-zirga zuwa wurin sayarwa. Ka bar fili a kai da ƙarshen gona don juyawa, ko ka fara yanke layukan gefe. Kana iya ɗaura tirela a bayan injin kai tsaye, yana aiki, amma wajen kwana za ka sha fama. Masu buga wasan a kwamfuta suna da ƙarin manhajoji irin su Courseplay da AutoDrive da ke ɗauke musu jigila, kuma wanda yake da su lissafinsa daban ne. In da aboki da za ku buga tare, to shi ne maganin gaskiya: ɗaya na yanka, ɗaya na kwasa. Shekara mai zuwa kuma ka zaɓi gona siririya mai tsawo, ba mai faɗi ba.

Wata baiwar Allah ta tambaya: "An ce ba a sake dasa shi bayan girbi. Haka ne? Kuma taswira tana nuna min gonar na son huɗa, in huɗe?"

Haka ne, malama, kuma a nan ribar take ɓoye. Rake yana sake tohowa daga kututturensa bayan an yanke, kamar yadda ciyawa ke yi. Dashe shi ne aikin da ya fi cin rai bayan yanka, domin injin dashen ma layi ɗaya ko biyu yake ɗauka, ga shi yana shan iri kamar ba gobe. Wanda ya dasa, ya yanka sau ɗaya, ya huɗe ya koma masara, ya biya kuɗin wahala bai tsaya karɓar lada ba. Yanka na biyu da na uku ba kuɗin iri, ba haro, ba dashe. Taki kawai za ki mayar, ki duba ciyawa, ki zuba farar ƙasa idan taswira ta nema.

Huɗa kuwa, kada ki yi. Garma na shiga, kututturen ya tafi, kin koma farko. Ragin amfanin da rashin huɗa ke jawowa bai kai kuɗi da lokacin sabon dashe ba, kuma in jan launin nan na taswira yana damun ki, akwai wurin kashe dokar huɗa a saitin wasan. Wani abu da mutane ke mantawa: raken da kika yanka da kanki ana iya zuba shi a injin dashe. Ki ware tirela ɗaya daga girbin farko, ba ki ƙara sayen iri a shago ba. Haka ake yi a gonar gaske ma, guntayen kara masu ido a gaɓa ake binnewa, ba ƙwaya ba, kuma a Barazil, wadda ta fi kowace ƙasa noman rake, akan yanki gona sau biyar ko shida kafin a sake dashe. Inda wasan ya yi wa manomi sassauci shi ne ajiya: raken gaske zaƙinsa na raguwa daga ranar da aka sare shi, shi ya sa ake gaggawar kai shi injin matsa.

Wani kuma ya ce: "In sayar da shi ɗanye ko in yi sukari?"

Daga Farming Simulator 22, wanda ya fito a Nuwamban 2021, ana iya mallakar masana'antar sukari. In kana da hali, yi sukari. Dutsen rake ya koma 'yan kwalaye masu daraja, sukarin kuma yana shiga gidan burodi a yi kek, ko masana'antar madara a yi cakulan. Ka dai sani masana'antar a hankali take ci, ba ta haɗiye girbin babbar gona a wata ɗaya, kuma nisan da ke tsakaninta da gonarka shi ne rabin lissafin. In ma don sukarin kawai kake yi, gwozar sukari tana shiga masana'anta ɗaya, manyan injinan girbinta na kamfanonin Ropa da Holmer suna da rumbu, sun kuma fi faɗi, sai dai ita kowace shekara sai an sake shukawa.

Na ƙarshe sabon shiga ne: "Jiya na fara, kuɗina kaɗan ne. In fara da rake?"

A'a, ƙanena. Fara da alkama, sha'ir ko waken soya, waɗanda injin girbi ɗaya ke wadatar da su. Idan jari ya zauna kana son ɗanɗanawa, ware hekta ɗaya ko ƙasa da haka. Ɗauki injin dashe haya, tunda sau ɗaya za ka buƙace shi. Don yanka akwai ƙaramin inji Lizard SWT 7 mai layi ɗaya da tarakta ke ja, kuɗinsa bai kama ƙafar na Austoft ba. In ka kunna yanayin shekara a bugun 22, ana dasawa a Maris ko Afrilu, a yanka a Oktoba ko Nuwamba, don haka ka tabbata kana da abin riƙe gida na waɗannan watanni. Ranar yankan farko ka duba agogo lokacin da ka shiga gona da lokacin da ka fito, ka raba kuɗin da ka samu da mintocin. Ka yi wa gonar alkamarka irin wannan lissafin, sannan ka yanke shawarar sayen babban injin.