Filin Gona da Lambu: Tsutsa a Tumatir, Masara da Rama

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina noman rani a gefen dam ɗin Ajiwa. Tun da zafi ya fara, ganyen tumatir ɗina yake yin fari-fari sannan ya bushe kamar an babbake shi. Na yi feshi da lamda har sau huɗu, kowane karo ina ƙara yawan maganin, amma abin sai gaba yake yi. Ko jabun magani aka sayar mini? Daga wani manomi, Batagarawa.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Jabu akwai shi a kasuwa, amma ko na gaske ne, da wuya ya yi maka aiki a nan. Alamun da ka faɗa na tsutsar da manoma ke kira sharon ne, wadda malaman kimiyya ke kira Tuta absoluta. Asalinta daga Kudancin Amurka take, ta shiga Sifen a 2006, kuma ita ce ta cinye tumatir a Kano, Kaduna, Katsina da Jigawa a 2016, shekarar da kwandon tumatir ya gagari talaka.

Ka tsinko ganye ɗaya mai farin tabo ka ɗaga shi saitin rana. Za ka ga tsutsa ƙarama, ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba, tana tsakanin fatar ganyen ta sama da ta ƙasa, ga baƙin kashinta a gefe. Nan matsalar take. Lamda da saifametirin magunguna ne da sai sun taɓa jikin ƙwaro suke kashe shi, ita kuwa tana cikin ganye. Bayan haka ta daɗe da sabawa da wannan dangin magani. Abin da ƙarin gwangwani yake kashewa shi ne gizo-gizo da zanzaro da ƙananan ƙwarin da ke cin ƙwanta, wato kana sayen magani da kuɗinka kana kashe masu yi maka gadi.

Uwar tsutsar wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai launin toka, da rana yana ɓoye a ƙarƙashin ganye, da magariba yake fitowa. Mace ɗaya tana iya zuba ƙwai sama da 200, kuma a lokacin zafi cikin kusan wata guda ƙwai ya zama uwa. Shi ya sa tumatir ɗin da ya kai watan Maris zuwa Mayu ya fi shan wahala, wanda aka dasa da wuri cikin sanyi kuma yakan tsira da dama.

Fara da hannu. A tsinke ganyen da ya kamu sosai da 'ya'yan da aka huda, a zuba a baƙar leda a ɗaure a bar ta a rana, ko a binne da zurfi. Kada a watsar a bakin gona, domin daga nan za su koma ƙasa su ƙunshe kansu su fito sabbi. A cire gautan kaji da zaƙami a gefen gona, danginsu ɗaya da tumatir, a kansu take fakewa. Da dare a ajiye roba mai faɗi da ruwa da ɗan sabulu, a rataya fitila mai caji a samanta, kamar taku ɗaya daga ƙasa. Da safe yawan abin da ya faɗa ciki zai gaya maka ko suna ƙaruwa ko suna raguwa.

Sai magani. Nemi wanda yake ratsa ganye: emamektin benzowet, sifinosad, ko indokzakab. Ka duba sunan sinadarin da ke jikin kwalba a ƙananan haruffa, kar babban sunan kamfani ya ruɗe ka, domin kwalabe biyar masu suna daban kan zama abu ɗaya a ciki. Yi amfani da dangi ɗaya na tsawon kwana 30, feshi biyu ko uku, sannan ka sauya zuwa wani dangin. Lura: emamektin da abamektin gida ɗaya suka fito, sauya wannan da wancan ba sauyi ba ne. Awon da aka rubuta a takarda shi za ka bi. A fesa da yamma liƙis, da ruwa mai tsabta wanda aka tace, a juya bakin famfo sama ya jiƙa ƙarƙashin ganye. In maƙwabtanka na fadama ba su yi a mako ɗaya da kai ba, nasu za su dawo maka, don haka ku haɗa kai.

TAMBAYA: Masarata ta damina ba ta wuce gwiwa ba, sai na ga ganyen duk huji, a tsakiya kuma wani abu kamar dusa. Me zan yi? Daga Malumfashi.

AMSA: Wannan dusar kashin tsutsa ne. Buɗe zuciyar masarar a hankali. In ka ga tsutsa mai zane kamar cokali mai yatsu biyu a kife a goshinta, da ɗigo baƙi huɗu a jere kamar kusurwar ɗaki kusa da wutsiya, to baƙuwar tsutsar nan ce da aka fara gani a Najeriya a farkon 2016, ita ma daga nahiyar Amurka.

Kafin ka sayi komai, ka ƙidaya. Ratsa gonar a karkace, ka tsaya wuri biyar, kowane wuri ka duba masara goma. In goma cikin hamsin ɗin suna da sabon ci, lokacin aiki ya yi. In bai kai haka ba, murƙushe ƙwan da hannu ya isa. Za ka same su dunƙule a bayan ganye, an lulluɓe su da wani abu kamar auduga mai toka-toka. Masara tana da juriya, ganye mai huji yakan warware in ta samu taki da ruwa. Ɓarnar da ba ta gyaruwa ita ce in ta cinye tsiron tsakiya ko ta shiga goyo.

A ƙaramar gona, ɗiban yatsu uku na rairayi gauraye da toka a zuba a zuciyar kowace masara yana rage ta ƙwarai. A babbar gona, emamektin da sassafe ko da yamma, bakin famfo ya leƙa cikin zuciyar, masara ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya bi gona yana kaɗa sanda sama-sama ganye kawai ya wanke. Ƙarama ce take mutuwa da sauƙi; in ta girma sosai, ta riga ta ci abin da za ta ci, ta kusa sauka ƙasa.

TAMBAYA: Ina da ɗan fili a bayan gida, na shuka rama da yakuwa da kuɓewa. Ganyen duk ƙananan huji, wasu kuma sun nannaɗe. Yarana sun ce in sa fiya-fiya. Daga wata uwargida, Daura.

AMSA: Hajiya, fiya-fiya kam a'a. Guba ce mai ƙarfi, ganyen nan kuma gobe kwaɗo za a yi da shi, ragowar a ba awaki. Sinadarin da ke cikinta, dikulobos, shi ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015.

Ƙananan hujin aikin wasu 'yan buzuzu ne masu tsalle in an taɓa ganye. Ki barbaɗa toka da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba. Ganyen da ya nannaɗe kuwa tsutsa ce koriya a ciki, ki matse shi da yatsa ko ki tsinke. Sauran aikin na bedi ne, kuma Daura ba a rasa shi.

A tsinci 'ya'yan da suka nuna suka faɗo, a cire ɓawo da tsokar, a wanke, a shanya a inuwa har su bushe. A fasa a fitar da ƙwayar ciki, a daka a turmi ta yi laushi. Awon shi ne giram 50 ga kowace litar ruwa, wato giram 800 ga famfon goyo mai lita 16. A jiƙa garin a ruwa kamar lita biyar ya kwana, da safe a tace da ƙyalle sau biyu don kada ya toshe famfo, a narka guntun sabulu kamar giram 15 a ciki, a cika da ruwa. A fesa a ranar, da yamma, domin hasken rana yana kashe ƙarfinsa. In babu famfo, tsintsiya da bokiti sun wadatar.

Abin da yake sa mutane su ce bedi ba ya aiki abu uku ne. Suna jiran su ga tsutsa ta faɗi nan take, alhali shi hana ta ci yake yi da hana ta saɓa, sai bayan kwana biyu zuwa huɗu ake ganin bambanci. Suna yi sau ɗaya su bari, alhali duk kwana biyar zuwa bakwai ake maimaitawa. Ko kuma sun ajiye ƙwayar a leda ta yi fumfuna. A buhun algarara ake ajiye ta, kuma wadda ta shekara ƙarfinta ya tafi. Ganyen bedi ma yana yi, sai dai bai kai ƙwaya ba. Yana kuma rage darɓa da farin ƙuda. Turmin da aka daka shi a wanke shi sosai, in ba haka ba tuwon gobe zai yi ɗaci.

TAMBAYA: Na yi feshi jiya, yau dillali ya zo yana son tumatir. In tsinka? Daga Danja.

AMSA: Kar ka tsinka, Malam, sai ka duba kwalbar. Kowane magani an rubuta kwanakin da za a jira tsakanin feshi da tsinka, wani uku, wani bakwai, wani har sha huɗu, kuma wanki ba ya fitar da wanda ya ratsa ciki. Dabarar masu lambu ita ce a tsinke duk wanda ya nuna da safe, a yi feshi da yammacin ranar, a jira kwanakin su cika kafin a tsinki wani zubin. In takardar ta goge ko babu lambar NAFDAC a jiki, ka kai wa malamin gona na KTARDA, hukumar aikin gona ta Jihar Katsina, da ke yankinku ya duba kafin ka sake zuba ta a famfo.