Amsa ga Kawu kan karatun digirin kimiyyar kwamfuta

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Kawu, barka da yamma, ina gaishe ku tare da sauran iyayenmu da ke cikin wannan zaure. Na saurari muryar da kuka turo jiya da daddare, inda kuka ce ƙanwarmu ta kammala sakandare tana son karanta kimiyyar kwamfuta a jami'a, amma wani ya ba ku shawarar cewa ɓarnar shekara huɗu ce, tunda a cewarsa akwai wuraren da ake koyar da rubuta manhaja cikin wata shida mutum ya fito ya kama neman kuɗi. Kun kuma tambaya ko gyaran kwamfuta za ta riƙa yi idan ta gama. Na jinkirta amsa ne domin in natsu, kasancewar wannan shi ne karatun da na yi, kuma da shi nake ci da iyalina a yau.

Bari in fara da tambayarku ta biyu domin ta fi sauƙi. Gyaran kwamfuta da waya, irin wanda kuke gani a shagunan PZ da Sabon Gari, sana'a ce mai daraja, amma daban take da wannan digiri. Mai karanta kimiyyar kwamfuta yana koyon yadda ake tsara umarnin da na'ura za ta bi ne, wato manhajar da ke cikin wayarku, da wadda banki ke lissafin ajiyarku da ita, da wadda asibiti ke adana bayanan marasa lafiya a cikinta. Akwai kuma injiniyancin kwamfuta, wanda ya fi karkata ga ƙirar na'urar kanta, shi kuma shekara biyar ake yi.

Game da shiga, tana bukatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, a cikinsu lallai akwai Turanci da Lissafi da Fiziks, kuma waɗannan ukun suna cikin darussa huɗu da za ta rubuta a JAMB. Na huɗun yawanci Kemistiri ne, amma ta duba kundin JAMB na shekarar da idonta kafin ta cike fom, kada ta bar wa mai shagon intanet ya zaɓa mata. Idan makinta bai kai ba, ƙofa ba ta rufe ba, domin za ta iya yin IJMB, wato shirin share fagen shiga jami'a, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ce ke kula da shi, ko ta yi difloma ta shekara biyu a kwalejin kimiyya da fasaha irin ta Nuhu Bamalli, sannan ta nemi shiga kai tsaye daga aji biyu.

Abin da nake so ku faɗa mata tun yanzu shi ne, wannan karatu ɗan uwan lissafi ne na jini. A nan Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ma, shekaru da dama karatun kwamfuta yana ƙarƙashin Sashen Lissafi ne kafin ya samu sashensa mai zaman kansa, kuma cibiyar kwamfuta ta jami'ar sunan Farfesa Iya Abubakar take ɗauke da shi, wanda masanin lissafi ne da ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Ɗalibai da yawa suna shiga da zaton ranar farko za a ba su kwamfuta, sai su tarar shekarar farko kusan dukanta lissafi ne da Fiziks da darussan gama-gari. A nan ne wasu ke yin sakaci, alhali makin aji ɗaya yana bin mutum har ranar da zai fita. Ana auna sakamako a kan maki 5, daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, ta biyu babba daga 3.50, kuma wanda ya faɗi warwas a shekarar farko yakan sha wahala ƙwarai kafin ya ɗago.

Yanzu ga ainihin maganar mai ba ku shawara. Gaskiya ne cikin wata shida yaro mai himma zai iya koyon harshen rubuta manhaja irin Python ko JavaScript har ya gina shafin intanet mai kyan gani, kuma na san waɗanda suka bi ta nan suna cin abinci. Sai dai akwai abin da ba a cika samu a irin wannan gajeren horo ba, bari in ba ku misali da abin da kuka sani. A ce kuna da rajista mai sunayen mutum miliyan ɗaya, an jera su bisa haruffa, aka ce ku nemo suna guda. Idan kuka fara daga shafin farko kuna bi ɗaya bayan ɗaya, mai yiwuwa sai kun karanta miliyan ɗin kaf. Idan kuwa kuka buɗe tsakiya, kamar yadda ake yi da ƙamus, kuka ga sunan yana gaba ne ko baya, kuka yar da rabin da ba ya ciki, kuka sake buɗe tsakiyar abin da ya rage, to ba za ku wuce dubawa 20 ba za ku same shi ko ku tabbata babu shi. Duka hanyoyin biyu suna kawo amsa daidai, kuma idan sunayen hamsin ne kacal babu wanda zai lura da bambanci. Ranar da mutum dubu ɗari suka hau manhajar lokaci guda, kamar ranar fitar sakamakon jarrabawa, ranar ce ake gane wanda ya san dalilin abin da ya rubuta. Wannan fanni shi ake kira algoridim da tsarin ajiye bayanai, ana shiga cikinsa sosai daga aji biyu zuwa uku, tare da rumbun bayanai, da sadarwar kwamfutoci, da yadda babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura take raba aiki da ma'ajiya. Harsunan rubuta manhaja suna zuwa suna wucewa, wanda aka fara koya mini a jami'a ma yau ba na aiki da shi, amma wannan tushe har gobe da shi nake tunani.

Duk da haka, Kawu, zan zama na ha'ince ku idan na ce digirin shi kaɗai ya wadatar. A ajinmu akwai waɗanda suka fita da sakamako mai kyau alhali ba su taɓa gina manhaja guda da wani ya yi amfani da ita ba, domin yawancin jarrabawarmu a kan takarda muke rubuta umarnin da biro, kuma takarda ba ta nuna wa mutum kuskurensa yadda kwamfuta ke nunawa nan take. Ni kaina sai a aji uku na farga, lokacin horon sanin makamar aiki na wata shida da ake kira SIWES. Na gina wa wani mai shagon magani manhajar lissafin kaya, na kwana uku ina ƙawata ta, na kai masa ina jin na gama. Ya zauna ya shigar da cinikin safiya, sai ya ɗago ya tambaye ni inda zai rubuta matar da ta karɓi maganin yaronta za ta biya ƙarshen wata. Ban tanadi gurbin bashi ba sam, alhali a gefen teburinsa akwai wani tsohon littafi mai bangon kwali cike da sunayen masu bashi, wanda da na tambaya tun farko da na gani. Sai da na rushe tsarin rumbun bayanan na sake shi daga tushe. Darasin rumbun bayanai da na yi a aji shi ya ba ni ikon gyarawa cikin mako guda, amma zaman shagon ne ya nuna mini abin da ke bukatar gyaran.

Saboda haka shawarata ita ce ta yi digirin, kuma tun daga zangon farko ta riƙa rubuta manhaja da hannunta kullum, ko da na awa ɗaya ne, ta buɗe shafi a GitHub, wato dandalin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, tana ajiye duk abin da ta gina, domin masu ɗaukar aiki a wannan fanni sukan nemi ganin aikin hannu kafin su tambayi takarda. Wannan gajeren horo da aka ba ku labari, wurinsa lokacin hutu ne, kuma gwamnatin tarayya ma ta ƙaddamar da shirin horar da matasa fasahar zamani mai suna 3MTT a 2023 domin irin wannan koyo. Haka nan idan malaman jami'a suka shiga yajin aiki, Allah ya kiyaye, kada ta zauna hannu rabbana. Na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma na ga ɗaliban da suka koma makaranta bayansa da sana'a a hannunsu.

Wani zai ce muku yanzu ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT tana rubuta manhaja cikin daƙiƙu, don haka karatun ya zama tsohon yayi. Ina amfani da ita a wurin aiki kusan kullum, kuma tana sauƙaƙa abubuwa da yawa, amma takan kawo amsa mai kama da daidai wadda ke ɗauke da kuskure a ɓoye, kuma sai mai tushe ne zai iya kama shi. Abin da nake ji wa ɗaliban yanzu tsoro shi ne su miƙa mata aikin gidansu tun kafin ƙwaƙwalwarsu ta saba da wahalar warware matsala.

Batun kuɗi kuwa, abin da ba makawa bayan kuɗin makaranta shi ne kwamfutar tafi-da-gidanka tata ta kanta, domin aron ta ƙawa ba ya kai mutum ko'ina a wannan karatu. Ba sai sabuwa ba, ta hannu mai ram (ƙwaƙwalwar aikin na'ura) gig 8 da ma'ajiya mai sauri da ake kira SSD za ta kai ta har aji huɗu. Abin da za ku fi sa wa ido shi ne batir, saboda kun san halin wutarmu, kuma kada a biya kuɗi sai an cire caja an bar ta tana aiki a gaban idonku. Idan kuɗin rajista ya yi nauyi, asusun NELFUND yana ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati rance marar ruwa tun daga 2024.

Kasancewarta mace kuma kada ya sa ku ɗar-ɗar. Aiki ne da ake iya yi daga ɗaki matuƙar akwai wuta da intanet, kuma a wurin da nake aiki wadda ke duba abin da na rubuta kafin a sake shi mace ce mai 'ya'ya uku. Idan kun amince, Kawu, ku turo ta gidana a Tudun Wada ranar Asabar bayan la'asar tare da sakamakon jarrabawarta, mu duba darussan da za ta cike, in kuma zaunar da ita a gaban kwamfutata ta rubuta layinta na farko a Python, mu ga yadda za ta ji da shi. A gaida Inna da mutanen gida. Wassalamu alaikum.