Tsoffin zanen sojoji a fagen yaƙi: shaida ne ko ƙarin gishiri?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga wani tsohon zane na Turai, an rataye mutane rututu a bishiya guda, sojoji sun yi sahu suna kallo. Haka abin ya faru, ko mai zanen ne ya ƙara gishiri?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Daga kwatancenka, aikin Jacques Callot ka gani, mutumin garin Nancy a yankin Lorraine, wanda yanzu yake cikin Faransa. Ɗaya ne daga zane 18 da aka buga a 1633, ana tsakiyar Yaƙin Shekara Talatin (1618 zuwa 1648), a shekarar da sojojin Faransa suka mamaye garinsu. A farantin tagulla ya karce shi da allura, ruwan asid ya cinye layukan, aka shafa tawada aka danna takarda. Tsawonsa bai wuce tafin hannu da ɗan ɗoriya ba, amma dubi jama'ar da ya cusa a ciki.

Ka matso da idonka gindin bishiyar. Ga limamin coci a kan tsani yana ɗaga gicciye a fuskar wanda za a rataye. Can gefe, wasu na jefa ƴaƴan caca a kan ganga. Ga huluna da riguna an tara a ƙasa, masu su suna lilo a sama. Irin waɗannan abubuwa, da tantuna, da dogayen masu, da yadda ake hukunta sojan da ya yi fashi, Callot ya san su sarai, kuma masu tarihi na dogara da su.

Bishiyar kuwa magana ce yake yi da ita. Baitocin da ke ƙasan zanen sun kira mutanen ɓarayi, sun kwatanta su da mugayen ƴaƴan itace. Shi ya sa ya dasa ta a tsakiya, ya baza rassanta, ya jera gawawwakin kamar lokacin girbi ya yi. Bai rubuta sunan gari ko rana ba, tufafin ma ba sa nuna rundunar wane sarki ce. Jerin kuma labari ne tsararre: ɗaukar soja, gumurzu, wawashe ƙauyuka, hukunci, fansar manoma, sai sarki yana raba lada.

Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne gangar nan. Mutuwa na reto bisa kawunansu, hankalinsu na kan caca.

Goya, wani mai zane na Sifen, ya bi wannan hanya da zane 82 kan yaƙin da aka yi a ƙasarsu daga 1808 zuwa 1814. A ƙarƙashin wani ya rubuta cewa shi ya gani da idonsa, amma a na ƙarshe-ƙarshe sai ga dabbobi a madadin masu mulki. Ba a buga su ba sai 1863, shekara 35 bayan rasuwarsa.