Tambayi Likita: Hitar Ruwan Wanka da Lafiyar Iyali

Tambaya: Likita, ruwan zafin hitarmu warin ruɓaɓɓen ƙwai yake yi, na sanyi kuwa lafiya lau.

Amsa: Hajiya, galibi ƙwayoyin cuta ne ke haɗuwa da sandar magnesiyam da ke cikin tankin don hana shi tsatsa. A kira mai gyaran famfo ya tsiyaye ruwan, ya duba sandar.

Tambaya: Zan iya dama madarar jariri da ruwan famfon zafi?

Amsa: A'a, 'yar'uwa. Ruwan zafi ya fi kwaso dalma da tsatsa daga bututu. Ɗebi na sanyi ki tafasa.

Tambaya: Na rage zafin hita don katin wuta ya daɗe. Maƙwabcina kuma ya ce in zuba ruwan batir ya cinye farin dattin da ya daskare a ciki.

Amsa: Malam, ruwan batir? A tankin da 'ya'yanka ke wanka? Don Allah kada ka soma. Yana ƙona fata, yana makantar da ido, yana cin tankin kansa. Wannan farin abu gishirin ruwan burtsatse ne, maganinsa a kashe wuta a tsiyaye tankin sau ɗaya ko biyu a shekara.

Rage zafin ne ma ya fi tayar mini da hankali. Akwai ƙwayar cuta mai suna Legionella, wadda aka gano bayan ɓarkewar ciwon huhu a taron tsofaffin sojoji a Filadelfiya ta Amurka a 1976. Ruwa mai ɗumi-ɗumi, tsakanin digiri 20 da 45 a ma'aunin Celsius, shi ne gidanta, musamman inda datti ya kwanta. A digiri 60 take mutuwa. Hanyar kamuwa kuwa shaƙar feshin shawa ce, kuma tsofaffi, masu shan taba da masu ciwon suga ne suka fi shiga haɗari. Ga shi a nan ana ɗauke wuta, ruwa ya kwana yana hucewa.

Mayar da zafin hitar digiri 60, amma a riƙa sirkawa kafin a yi wa yara wanka, don yana ƙona fata cikin daƙiƙoƙi. In kun dawo daga tafiya, a bar shi ya yi zafi sosai, a saki famfo na ɗan lokaci da taga a buɗe.

Wanda ya ji zazzaɓi mai zafi da tari da sarƙewar numfashi, kada ya tsaya a kemis ana cewa maleriya ce. A tafi asibiti ranar, a kuma faɗa wa likita zancen hitar nan.